Rawayar Ido a Ɗakin Kulawa ta Musamman: Abin da Ya Wajaba Ma'aikacin Jinya Ya Sani Game da Shawara

Matanin laccar da aka gabatar wa ma'aikatan jinya masu jin Hausa a unguwar Glass, birnin Libreville, ƙasar Gabon

 

Batun da aka ɗora mini shi ne shawara, wato rawayar nan da ke bayyana a farin ido da fata, da yadda mai jinyar da ke tsaye a kan marar lafiya a ɗakin kulawa ta musamman zai fahimce ta. Abin da nake son tabbatarwa guda ɗaya ne. Shawara alama ce da cututtuka masu yawa suka yi tarayya a kanta, wasu a jini, wasu a hanta, wasu a hanyar da ruwan matsarmama ke bi. Abin da ya fi saurin rarrabe su shi ne sanin ranar da rawayar ta fara, abin da ya gabace ta, da launin fitsari da na bayan gida. Wannan sani yana hannun wanda ke kwana a bakin gadon marar lafiya. Saboda haka mai jinyar da ya ga rawaya ya rubuta “shawara” kawai ya wuce, ya bar rabin aikinsa a ƙasa.

Mu fara daga tushe. Jar ƙwayar jini tana rayuwa kimanin kwana 120. Idan ta tsufa, saifa da hanta da ɓargo su farfasa ta, jiki ya adana sinadarin ƙarfen da ke cikinta, wani ɓangare na abin da ya saura ya rikiɗe ya zama sinadari rawaya mai suna bilirubin. Babban mutum mai lafiya yana samar da kimanin miligiram 250 zuwa 300 na wannan sinadari kowace rana. A wannan mataki ɗanye ne, ba ya narkewa a ruwa, don haka ƙoda ba ta iya fitar da shi, sai furotin ɗin jini da ake kira albumin ya goya shi zuwa hanta. Hanta ta sarrafa shi ya zama mai narkewa, ta zuba shi cikin ruwan matsarmama, ya gangara hanji, inda yake zama abin da ke bai wa bayan gida launinsa. A jinin mai lafiya, bilirubin bai cika wuce maikuromol 20 a lita ba, ido kuwa ba ya nuna rawaya sai ya kai wajen 40 zuwa 50. Ke nan ranar da kuka ga rawaya, adadin ya riga ya ninka sau biyu ko fiye.

Mazauna Libreville sun san abin da ke sa ruwa ya kwanta a titi lokacin damina: ko sama ta zubo fiye da ƙarfin kwata, ko kwatar ce ta lalace, ko shara ta toshe bakinta inda take zuba wa teku. Shawara ma hanyoyinta uku ne. Na farko, jini ya riƙa farfashewa fiye da yadda hanta za ta iya sarrafawa, ɗanyen bilirubin ya taru. A nan bayan gida yana riƙe da launinsa, marar lafiya ya yi fari fat saboda ƙarancin jini, kuma idan a cikin jijiyoyi ƙwayoyin ke fashewa, fitsari ya koma ja ko baƙi saboda himogulobin da ke tsiyaya ta ƙoda. Na biyu, ƙwayoyin hantar kansu su jikkata, sai sinadaran hanta ALAT da ASAT, kamar yadda ake rubuta su a takardun gwaji na ƙasar nan, su yi sama, jini ya fara jinkirin daskarewa. Na uku, hanta ta sarrafa amma hanyar fita ta toshe, sarrafaffen bilirubin ya koma jini, fitsari ya yi duhu yana kumfa rawaya, bayan gida ya yi fari, ƙaiƙayi ya hana marar lafiya sakat. Wanda ke zubar da jakar fitsari da canza zanen gado shi ne farkon mai ganin wannan bambanci.

Kafin a kai ga rarrabewa, sai an iya ganin rawayar. Littattafan da muke karatu da su an rubuta galibinsu ne a kan farar fata, mu kuwa marasa lafiyarmu baƙaƙe ne, fatarsu ba ta tona asiri da wuri. Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska, to labarin hanta a tambayi farin ido, da ƙarƙashin harshe, da ganɗa. A ɗaga fatar ido ta sama a duba inda iska da ƙura ba su taɓa ba, domin farin idon manyanmu yakan yi duhu-duhu a tsakiya ba tare da wata cuta ba. A duba da hasken rana ko farar fitila, domin fitilar dare mai ja-ja tana ɓoye rawaya. A kuma kiyayi ruɗu biyu. A ƙasar da ake yawan cin manja da miyar kwakwar manja, tafin hannu da tafin ƙafa kan yi rawaya alhali farin ido yana nan fari, wannan ba shawara ba ce. Haka nan maganin tarin fuka na rifamfisin yana rina fitsari ya koma ruwan lemo, ko da hanta lafiyarta ƙalau.

Yanzu mu dubi abin da ke farfasa jini a wannan yanki. Na gaba shi ne zazzaɓin cizon sauro, wato maleriya, wanda ba ya ɗaga ƙafa a Gabon rani da damina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa shawara cikin alamomin maleriya mai tsanani idan bilirubin ya haura maikuromol 50 a lita tare da ƙwayoyin cutar fiye da 100,000 a maikurolita ɗaya ta jini. Allurar atesunet ita ce maganin farko, kuma babban gwajin AQUAMAT da aka buga a 2010, wanda ya ƙunshi yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara, ya nuna mutuwa ta sauka zuwa kashi 8.5 cikin ɗari da atesunet, alhali da kwinin kashi 10.9 ce. Sai dai maganin yana da wata illa da ke zuwa daga baya. Binciken da aka yi a Lambaréné ta nan Gabon da Kumasi ta Ghana, aka buga a 2014, ya sami kimanin kashi 7 cikin ɗari na yaran da aka yi wa allurar suna farfashewar jini bayan sun warke. Wannan yakan zo ne tsakanin mako ɗaya zuwa uku. Yaron da aka sallama ya dawo da rawayar ido da kasala a mako na biyu, a auna jininsa kafin a ce zazzaɓin ne ya dawo. Bayan maleriya akwai sikila, wadda kusan mutum ɗaya cikin biyar a Gabon ke ɗauke da iri ɗaya nata. Mai sikila yakan rayu da 'yar rawaya a ido, abin lura shi ne ranar da ta ƙaru, domin tana iya zama farfashewa mai tsanani, ko tsakuwar matsarmama, ko toshewar jijiyoyin hanta. Akwai kuma ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ya fi kama maza, inda magunguna irin su firimakwin da dafson, ko ƙwallon kafur da ake sa wa kayan jarirai, ke tarwatsa jini cikin kwana ɗaya zuwa uku. Sannan ƙarin jinin da bai dace ba, wanda alamunsa kan fara cikin mintuna 15 na farko da zazzaɓi, makyarkyata, ciwon baya da faɗuwar awon jini. A nan hukuncin a hannun mai jinya yake: a tsayar da jinin nan take.

Ɓangare na biyu shi ne wanda hantarsa ta jikkata kafin ya iso gare mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B a 2022, kuma ya kashe kimanin miliyan 1.1 a shekarar. Da yawansu ba su san suna da shi ba sai ranar da suka yi aman jini ko cikinsu ya cika da ruwa. Nau'in E yana bin gurɓataccen ruwa, kuma yana iya kashe mace ɗaya cikin huɗu ko biyar da ta kamu da shi a watanni ukun ƙarshe na ciki. Annobarsa a Diffa ta Jamhuriyar Nijar a 2017 mata masu ciki ta fi ɗauka. Duk mai cikin da ta zo da shawara a ƙarshen cikinta, a tuna da wannan, a tuna da rikicin hawan jinin ciki da ake kira HELLP, da kitsen da ke mamaye hanta farat ɗaya, domin biyun ƙarshen nan maganinsu haihuwa ce ba jira ba. Akwai magunguna: farasitamol idan ya wuce giram 4 a rana ga babba, ko ƙasa da haka ga ramamme da mashayi, wanda makarinsa ya fi aiki cikin awa 8 na farko, da magungunan tarin fuka uku, izoniyazid, rifamfisin da firazinamid. Akwai zazzaɓin shawara, wanda rabin waɗanda suka shiga matakinsa mai tsanani ke rasuwa cikin kwana 7 zuwa 10. Tarihin ƙasar nan ya isa gargaɗi a kan gaggawar laƙaba suna. A ƙarshen 1994 wata cuta ta ɓarke a sansanonin haƙar zinariya na yankin Ogooué-Ivindo, aka ɗauka zazzaɓin shawara ne, daga baya gwaji ya tabbatar Ebola ce, mutum 52 suka kamu, 31 suka rasu. Zazzaɓi da zubar jini, da shawara ko babu, suna wajabta safar hannu, takunkumi da killacewa tun kafin sakamako ya fito.

Ɓangare na uku shi ne wanda ya shigo da farin ido, ya yi rawaya a hannunmu, kuma wannan ne ainihin shawarar ɗakin kulawa ta musamman. Idan awon jini ya faɗi na wasu awanni saboda zubar jini, gazawar zuciya ko tsayawarta, hanta ta rasa iska, ALAT da ASAT su yi tsalle zuwa dubbai cikin kwana ɗaya ko biyu, su sauko idan jini ya dawo gudu, rawaya ta biyo baya. Idan ƙwayoyin cuta suka mamaye jini, gubarsu tana hana hanta tura bilirubin cikin ruwan matsarmama ko da babu abin da ya toshe hanyar, kuma wani lokaci rawayar kan riga zazzaɓi bayyana. Ciyarwa ta jijiya na tsawon makonni ba tare da komai ya ratsa hanji ba tana sa ruwan matsarmama ya kwanta. Matsarmama kan kumbura ba tare da tsakuwa ba a jikin wanda ya ƙone ko ya ji mummunan rauni, kuma wanda ke kan injin numfashi ba zai iya cewa cikinsa na ciwo ba. Jinin da aka ƙara da yawa da wanda ya taru a rauni duk bilirubin suke zama. Sai toshewa ta zahiri, ta tsakuwa ko ƙari. Tun 1877 likitan Faransa Charcot ya bayyana alamomi uku na ruɓar hanyar matsarmama: zazzaɓi, shawara, da ciwo a saman ciki ta dama. Idan faɗuwar awon jini da ruɗewa suka haɗu da su, ƙwayoyin kashe cuta kaɗai ba sa wadatarwa, sai an buɗe hanyar. Ku lura da yadda lokaci ke jera waɗannan dalilai: rawayar ranar shigowa tana nuni ga maleriya, ciwon hanta, guba ko toshewa, ta kwana na biyu da na uku tana nuni ga faɗuwar awon jini ko ƙarin jini, ta mako na farko da na biyu tana nuni ga cutar jini, magunguna ko ciyarwar jijiya. Takardar da aka rubuta ranar farko ta rawaya ta rage wa likita rabin bincike.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu sun cancanci amsa. Wani zai ce a ɗakin da huhu, zuciya da ƙoda ke kashe mutum cikin mintuna, rawayar ido ƙaramin al'amari ne. Gaskiya ne bilirubin kansa bai cika kashe babba ba, jariri ne yake lalata wa ƙwaƙwalwa. Amma abin da yake sanarwa yana kisa. Wani bincike a ɗakunan kulawa ta musamman na ƙasar Ostiriya da aka buga a 2007, mai marasa lafiya sama da 38,000, ya sami kusan kashi 11 cikin ɗari bilirubin ɗinsu ya hau cikin awa 48 na farko, kuma mutuwa a cikinsu ta kai kimanin kashi 30 cikin ɗari, alhali a sauran kimanin 16 ce. Haka kuma ma'aunin gazawar gaɓoɓi na SOFA na 1996 ya sa hanta cikin gaɓoɓi shida da ake lissafawa, maki ɗaya daga maikuromol 20, maki huɗu idan ya haura 204. Kuma hantar da ta gaza tana kisa ta hanyoyi uku da duk suke gaban mai jinya. Sukari ya faɗi domin ma'ajiyarsa ta lalace, don haka a riƙa aunawa kowace awa ɗaya ko biyu. Jini ya ƙi daskarewa, sai a ga tsiyaya a wurin allura, a dasashi, ko baƙin bayan gida. Ƙwaƙwalwa ta dushe, farawa da barcin rana da farkawar dare, da sauyin hali, da karkarwar hannu idan an miƙe shi, har zuwa suma. Wanda ya ɗauki wannan ruɗewa a matsayin fitina ya nemi a ba da maganin barci, ya tura marar lafiya inda ba a dawowa.

Wani kuma zai ce gano cuta aikin likita ne, mai jinya ya tsaya a matsayinsa. Ba na kiran kowa ya rubuta magani ko ya yanke hukuncin da ba nasa ba. Amma likita yana zagayawa ne ya wuce, mai jinya yana nan awa 8 ko 12, kuma hukuncin likita ba ya fin ingancin bayanin da aka ba shi. Da a ce masa “gado na huɗu ya yi shawara”, gara a ce masa rawaya ta fara jiya da safe, kwana biyu bayan awon jininsa ya faɗi, fitsari ya yi duhu, bayan gida bai canza ba, an ƙara masa jini leda biyu, sukarinsa ya sauka sau biyu cikin dare. Tarihi ma ya tsaya wa mai jinya shaida. A 1956, a asibitin Rochford da ke Ingila, wata shugabar masu jinya mai suna Jean Ward ta lura cewa fatar bakwainin da rana ta taɓa ta washe, inda zane ya rufe kuwa yana nan rawaya. Likitoci suka bi diddigin abin da ta gani, suka buga sakamakon a 1958, daga nan aka sami maganin haske da ake yi wa jarirai a duniya baki ɗaya.

Hujja ta uku ta fi nauyi: kayan aiki da kuɗi. Libreville tana da manyan asibitoci, na koyarwa da ke tsakiyar gari, da na Owendo, da na uwa da yaro na Jeanne Ebori, da na sojoji, amma gwaji kuɗi ne, kuma duk da inshorar CNAMGS da aka kafa a 2007, baƙi da yawa masu ƙananan sana'o'i daga aljihunsu suke biya. Amsata ita ce ƙarancin kuɗi ya ƙara wajabta lura. Iyalin da ba za su iya biyan gwaji goma ba suna buƙatar wanda zai taimaka a zaɓi ukun da suka fi amfani. Tsinken gwajin fitsari mai araha yana bambanta bilirubin da himogulobin, wato yana raba matsalar hanta da farfashewar jini. Gwajin maleriya, awon yawan jini, sukari, da gwajin daskarewa na TP ko INR sun isa a san wanda ke cikin haɗari a daren nan. Gwajin daskarewa ya fi albumin saurin faɗin gaskiya, domin wasu sinadaran daskarewa awanni kaɗan suke yi a jini, albumin kuwa kusan mako uku.

Hujja ta ƙarshe daga gidajenmu take fitowa. Daga Kano zuwa Maraɗi har zangon Hausawan Gabon, an gaji maganar cewa mai shawara ba a yi masa allura, maganinsa saiwar rawaya da jiƙe-jiƙe. Bai kamata a yi wa masu wannan magana dariya ba, domin tana da tushe. Wanda jininsa ba ya daskarewa, allurar tsoka tana tara masa jini. Allurar da aka maimaita tsakanin mutane ta yaɗa ciwon hanta. Wasu magungunan kuma suna ƙara wa hanta nauyi. Amma atesunet, ruwan sukari, bitamin K, makarin farasitamol da ƙwayoyin kashe cuta duk ta jijiya ake ba da su, kuma su ne ke ceto. Jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba ko yawansa, hanta mai rauni ce za ta sarrafa shi, kuma kwanakin da aka ɓata ana jiran aikinsa su ne kwanakin da maleriya ko toshewa ke cin ƙarfin mutum. Mai jinyar da ke jin harshen iyali shi ya fi cancanta ya tambaya cikin ladabi, “Baba, me aka ba shi a gida, tun yaushe?” Wanda aka tsawata wa zai ɓoye, wanda aka girmama zai fito da kwalbar.

'Yan'uwa, roƙona gare ku shi ne ku mayar da duba farin ido wani ɓangare na karɓar aiki a kowane canjin ma'aikata, kamar awon zafi da bugun zuciya. Ku rubuta rana da awar da kuka fara ganin rawaya, ku rubuta launin fitsari da na bayan gida da kalmomi bayyanannu, ku waiwayi kwana ukun da suka gabata ku ga me aka ba marar lafiya da me ya same shi, ku auna sukari, ku gwada hankalinsa, sannan ku kai wa likita cikakken bayani ba tare da jinkiri ba. Ku yi wa kanku rigakafin ciwon hanta nau'in B, ku kuma tunatar da iyalai allurar zazzaɓin shawara, wadda guda ɗaya ke kare mutum tsawon rayuwa. Dattawanmu kuma su taimaka su isar wa jama'a cewa mai rawayar ido asibiti ake kai shi a ranar da aka gani. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa albarka a hannuwanku.